Dodon da ke kwana cikin gida: fashin baƙi kan fina-finan mai rikiɗa kerkeci

Daren Assabar da ta wuce an ɗauke wuta tun bayan isha'i, muna zaune ƙofar gida nan Tudun Wada a Gusau ana shan iska, sai ɗan yayata ya matso da wayarshi ya ce, "Kawu, ka ga wanga fim da anka tura min? Wallahi ba ka iya kallo nai kai kaɗai." Na ce kawo mu gani. Ashe The Wolfman ne na 2010, wanda Benicio del Toro da tsohon nan Anthony Hopkins sunka fito. Mu huɗu munka haɗa kai kan waya ɗaya, caji na neman ƙarewa, sauro na aikin shi, amma ba wanda ya motsa. Muna cikin haka Inna ta fito da buta za ta wuce, ta leƙo daidai lokacin da yatsun mutumin ke tsawo gashi na fito mishi a fuska, ta tsaya kamar minti ɗaya ta ce, "Au, mai rikiɗa ne? Ai ko a garinmu an yi irin su." Ta wuce abinta.

Tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, ba ta san ina Ingila take ba, amma minti ɗaya ya ishe ta ta gane fim ɗin kaf. Tun daren nike juya abin a raina, don ni na daɗe ina son irin waɗannan fina-finai fiye da na aljanu da na gawarwaki masu tafiya, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina mi ya sa ba.

Sunan kanshi sai an yi gyara. Turawa na cewa werewolf, kalmomi biyu ne na tsohon Turanci anka haɗa, na farko na nufin mutum, na biyu dabbar dajin nan mai kama da ƙaton kare da ke yawo garke-garke a ƙasashen sanyi. Mu ba mu da ita. Kerkecin da mafarautanmu sunka sani wani karen daji ne daban, shi ma yanzu sai dai labari. Amma sunan ya zauna a kunnen mu ta hanyar ƙissar Annabi Yusuf, inda 'yan uwanshi sunka zo da riga da jinin ƙarya, a tarjamar Shehu Abubakar Gumi, ɗan nan Gummi, kerkeci ya ce, wasu malaman kuma a wajen tafsiri sai su ce kura don mutane su fi ganewa. To haka za mu tafi, mai rikiɗa kerkeci.

Sai ɗaya kalmar, gotik, wadda ita ce mutane ba su cika kula da ita ba alhali ita ce rabin daɗin. Asalinta sunan wata ƙabila ce, Got, waɗanda sunka afka ma birnin Rum a shekara ta 410, daga baya Turawa sunka riƙa kiran tsofaffin coci-cocinsu masu tsinin rufi da wannan suna, da farko ma don raini. A 1764 wani Bature Horace Walpole ya fitar da littafi The Castle of Otranto, labarin tsohon gidan sarauta da la'anar da ke bin zuri'a, daga nan sunan ya koma kan wani salon labari. In kana son ka gane gotik ba sai ka je makaranta ba, ka tuna wani tsohon gidan ƙasa na babban mutum a cikin gari, soraye sun fara zubewa, zaure uku kafin ka isa tsakar gida, akwai wani ɗaki da anka kulle tun rasuwar mai gidan ba wanda ke son a yi maganar shi, jemagu sun cika rufin, magada sun watse an bar tsohuwa ɗaya da ta san sirrin amma ba ta faɗi. Wannan shi ne gotik. Tsohon gida, tsohon laifi, dare, hazo, maƙabarta, da jin cewa abin da kakanni sunka binne bai mutu ba. Cire gidan ƙasa ka sa gidan dutse a tsakiyar dajin Ingila, ka cire hazon hunturu ka sa nasu hazon mai laima, shi ke nan ka shiga fim ɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi tarihin abin shi ne, mai rikiɗa na Turawan da, kusan ɗaya yake da namu. Tun zamanin Girkawa akwai labarin wani sarki Lycaon da ya ba babban abin bautarsu naman mutum don ya gwada shi, aka mayar da shi kerkeci. Amma a ƙauyukan Jamus da Faransa shekaru ɗari huɗu, ɗari biyar da sunka wuce, abin da mutane sunka yarda da shi shi ne mutum da kanshi ke neman abin, ya ƙulla da shaiɗan, a ba shi ɗamara ta fatar kerkeci ko wani man shafawa, in ya ɗaura ya rikiɗa, in ya kwance ya dawo mutum. Ka ji fa, sak yadda ake ba mu labarin mai rikiɗa kura, wanda ke da laya ko guru, ya je bayan gari ya tuɓe ya yi birgima. Kuma ba wasa sunka ɗauki abin ba. A 1589 a wani gari Bedburg kusa da birnin Kolon a Jamus, an kama wani manomi Peter Stumpp, anka azabtar da shi har ya ce e shaiɗan ya ba shi ɗamara kuma shi ke cinye yara da mata, anka yi mishi kisan da ba ni son in kwatanta a nan, anka haɗa da ɗiyarshi. Mutumin da ke kan azaba ko cewa anka yi shi ya haɗiye wata ai zai amsa. A Habasha kuwa maƙera ake zargi da zama kura da dare. Kowace al'umma dai dabbar da ke cinye mata awaki ita take sa ma wanda take tsoro, inda kerkeci ne kerkeci, inda kura ce kura.

To wannan tsohon mai rikiɗa mugu ne kawai, ba abin tausayi a tare da shi, a kama a kashe. Da haka anka bar shi da fim ɗin shi bai wuce na dodo ya ci mutane ba. Holiwud ce ta juya abin, kuma wannan juyin shi ne duk sirrin.

Kamfanin Universal ya fara da Werewolf of London a 1935, amma wanda ya kafa tutar shi ne The Wolf Man da ya fito a Disambar 1941, 'yan kwanaki bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka. Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayin Larry Talbot, wani saurayi da ya daɗe a Amurka ya dawo gidan ubanshi a Wales bayan rasuwar wanshi. Mutumin kirki, mai fara'a, ɗan shirme-shirme. Wani dare ya ji ihun mace a daji ya ruga don ya cece ta, ya kashe dabbar da sandarshi mai kan azurfa, amma kafin ta mutu ta cije shi. Shi ke nan. Laifinshi kawai ya je ceto. Daga nan duk wanda ya mutu a garin shi ne, kuma bai sani ba sai da safe ya ga sawun ƙafa da laka sun biyo ta taga har bakin gadonshi. Yana ta faɗa ma mutane ni ne, ku ɗaure ni, ba wanda ya yarda, uban ya ce ruɗu ne, likita ya ce ciwon tunani ne. A ƙarshe uban da kanshi ya doke dabbar har ta mutu da wannan sanda, yana tsaye yana kallo gashin na ɓacewa, sai ga fuskar ɗanshi.

Wanda ya rubuta labarin, Curt Siodmak, Bayahude ne ɗan Jamus da ya gudo daga mulkin Hitila. In ka san haka sai fim ɗin ya canza maka kama. Mutumin da ya ga maƙwabtan da sunka yi shekaru suna gaisawa sun wayi gari sun zama wani abu daban, shi ne ya zauna ya rubuta labarin mutumin kirki da ke zama dabba da dare, har ma ya sa alamar tauraro ke fitowa a tafin hannun wanda za a kashe gaba, abin da masu sharhi da yawa ke dangantawa da tauraron da anka tilasta ma Yahudawa sawa. Kuma yawancin ƙa'idojin da yara ke faɗa maka yau kamar sun gada daga kakanni, wai cizo ke yaɗa shi, wai azurfa kaɗai ke kashe shi, wai sai wata ya cika, fina-finan nan ne sunka tattara su sunka kafa su. Ko maganar cikar wata ma ba ta fito sarai a na 1941 ba, sai a wanda ya biyo baya a 1943 anka ɗaure ta.

Maganar cizon nan, mu ai ba sai an yi mana bayani ba. Duk wanda ya tashi ƙauye ya san mi ake nufi da cizon mahaukacin kare. Karen ya cije ka, raunin ma ya warke, kana yawo lafiya lau sati uku, wata biyu, kowa ya manta, alhali abin na tafiya a jiki har ya kai ƙwaƙwalwa, ran da ya tashi mutum ya riƙa firgita, yawu na zuba, ya ga ruwa ya kasa sha, kuma in ya kai nan kusan ba a tashi. Wannan jiran, wannan zaman da dangi ke yi suna kallon mutum suna lissafin kwana, shi ne zuciyar fim ɗin mai rikiɗa. Bambancin dai shi cizon kare in anka wanke da sabulu anka ruga asibiti anka yi allura da wuri ana tsira, don haka don Allah kar wani ya tsaya jiƙe-jiƙe. Na fim shi ne ba allura.

Sai wata. Nan ne nike ganin abin ya fi taɓa Bahaushe ta wata hanya da ko su masu fim ɗin ba su sani ba. A wajen mu farin wata abin murna ne, daren sha huɗu shi ne daren dandali, 'yan mata na gaɗa, samari na langa, tsofaffi na tatsuniya, har kyakkyawar mace da shi ake kwatanta ta. Duhu muke tsoro ba haske ba. Sai ga fim ya zo ya ce maka a'a, daren da ya fi kowane haske shi ne na rufe ƙofa. Ka ga mutum na kallon sama yana kuka don wata ya kusa cika, abin da kai ka saba ganin yara na tsalle saboda shi. Kuma wata ba ya saɓa alkawari, duk kwana ashirin da tara ko talatin sai ya dawo, mu da ke lissafin azumi da salla da shi mun fi kowa sani. Kenan dodon na da kalanda. Aljanin fim na iya zuwa ko yaushe, shi wannan ka san ranar, kana ƙirgawa tare da shi, kuma sanin ranar ya fi rashin sani ciwo.

Amma ni abin da ke riƙe ni ba daren ba ne, safiyar ce. Kowane fim ɗin kirki na irin wannan yana da wannan wurin, gari ya waye, mutum ya farka a jeji ko a maƙabarta ba riga, jini a baki da farce, yana rawar sanyi, yana ƙoƙarin tuna mi ya faru. Sai ya shigo gari ya tarar ana kuka a wani gida. Wallahi wannan wurin ya fi duk wani gurnani da tsalle ban tsoro, don kowa ya san shi a ƙaramin sigar shi. Mutumin da zuciya ta ɗebe shi ya saki matarshi da dare, da safe yana zaure ya haɗa kai da gwiwa yana neman malamin da zai ce mishi bai saku ba. Yaron unguwa mai ladabi da rana, har ƙasa yake gaida ka, in ya haɗiyi ƙwaya da dare uwarshi ma sai ta kulle ɗaki, gobe ya zo yana kuka yana rantsuwa bai san ya yi ba. Muna cewa ba ya cikin hayyacinshi, muna cewa shaiɗan ne, muna cewa ba halinshi ba ne. To fim ɗin ya ɗauki wannan magana ta ba halinshi ba ne ya sa mata gashi da haƙora, sannan ya jefo maka tambayar da ba mu son amsawa, in hannunka ne ya yi amma ba ka sani ba, wa ya yi? Shi ya sa ban taɓa jin tausayin Dracula ba, dodon fim ɗin nan mai shan jinin mutane, shi attajiri ne mai jin daɗin abin da yake yi, da kwat da gida da bayi. Mai rikiɗa kuwa talakan dodanni ne, ba ya samun komi, kura da shan bugu kawai, ko gardin da zai karɓi kuɗin babu.

Ka lura kuma kusan kullum na gida ne ke kashe shi. A The Curse of the Werewolf na 1961, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi da Oliver Reed, labarin a Sifen anka kafa shi, yaron ma ba cizon shi anka yi ba, da abin anka haife shi, uwarshi 'yar aiki ce bebiya da wani fursuna ya yi ma fyaɗe a kurkukun wani azzalumin basarake, kenan zaluncin manya ne ya fito a jikin jariri. Wanda ya riƙe shi tun yana tsumma, shi ne ya harbe shi da harsashin azurfa. A na 2010 da munka kalla abin ya fi muni, ashe uban ne asalin dodon, shi ya kashe uwar 'ya'yanshi, shi ya kashe ɗaya daga cikin 'ya'yan, yana zaune cikin ƙaton gidan da ya cika da yanar gizo yana kaɗa fiyano kamar ba komi. Nan ne gotik da kerkeci ke haɗuwa su zama abu ɗaya, gidan da ke ruɓewa da jinin da ke ruɓewa. Mu muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, su fina-finan nan sai su kawo ka daidai inda hannun ya ruɓe kuma yana shaƙe maƙwabta, su miƙa maka wuƙa su koma gefe. Ɗan yayata da anka zo wurin da budurwar da ke son mai rikiɗar ta ɗaga bindiga za ta harbe shi sai cewa ya yi, "Kawu, ni da ba ni iyawa." Na ce ai ita ma ba ta iya ba, yi kawai ta yi.

Akwai kuma mutanen gari, waɗanda a kowane fim za ka gan su cikin mashaya sun yi tsit in baƙo ya shigo, daga baya su fito da wuta da karnuka da bindigogi. Da ina yaro ina ɗaukar su a matsayin jarumai. Yanzu da na girma a Zamfarar nan ta yau, kallon su nike da wani ido. Mun san mi ake nufi da gari ya kwana da sanin cewa abin da ke zuwa daga daji da dare akwai wanda ke nuna mishi hanya daga cikin gari, da ɗan gari akan ci gari, kalmar infoma ta shiga bakin kowa har yara. Kuma mun san mi ke faruwa in wannan tsoro ya yi yawa, kowa ya fara kallon kowa, wanda ba ya yawan magana, wanda ya yi sabon mashin, wanda anka gani ya dawo da asuba. Wani lokacin zargin gaskiya ne. Wani lokacin kuma Peter Stumpp ne anka sake yi. Haka zargin maita ke yi ma tsofaffi mata a ƙauyuka, yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci suna cikin magagi shi ke nan an tara mata jama'a. Fina-finan ma ba su tsira daga wannan cuta ba, don a da yawansu la'anar daga wajen 'yan ƙabilar Romani take zuwa, wato mutanen nan masu yawo da keken doki ba su da gari, su ne ake fara zargi in an ga gawa. Laifin mutum ɗaya a ɗora ma ƙabila duka. Ban ce komi ba, amma wanda ke nan ya gane.

Bari in sauko kan abin da yara ke jira, wato wurin rikiɗar kanta. A 1941 ba kwamfuta, wani gwani Jack Pierce ne ke liƙa ma ɗan wasan gashin wata dabba mai kama da sa da ake kira yak, a ɗauki hoto kaɗan, a tsaya, a ƙara gashi, a sake ɗauka, mutum na kwance awa da awanni ba motsi, in anka haɗa sai ka ga kamar gashin na tsirowa. Yau in ka kalla za ka iya dariya, ya fi kama da wani mai gadi da bai yi aski ba shekara biyu. Shekarar da abin ya canza ita ce 1981, da An American Werewolf in London na John Landis ya fito. Shi cewa ya yi ba duhu ba ɓoye-ɓoye, cikin falo da fitila tarwai za a yi. Rick Baker ya ƙera hannuwa da fuska na roba masu injin a ciki, kana kallo tafin hannu na miƙewa, ƙashin baya na ƙara yana tasowa, baki na turowa gaba, saurayin da ke rikiɗa na ihu yana neman agaji, ga wata waƙa mai sanyi na tashi a bayan fage kamar ana biki. Aikin nan shi ya ci kyautar Oska, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a fannin kwalliya a karon farko da anka mayar da ita rukuni na dindindin, kuma Baker ɗin ya sake cin ta da na 2010. Abin da ya gane shi ne rikiɗa ciwo ce. Ba ado ba ce, naƙuda ce. Fina-finan yanzu da ke yi da kwamfuta cikin daƙiƙa biyu, mutum ya yi tsalle a sama ya sauko kerkeci, ba su da wannan nauyin, ido na gane abin da ba a taɓa shi da hannu ba.

Shi ya sa ban sa su Twilight da Underworld cikin wannan lissafi. Na san 'yan mata da yawa ta nan sunka san mai rikiɗa, ba laifi, amma samari masu ƙirji da ke zama kerkeci duk sanda sunka ga dama kamar mai canza riga, wannan ba la'ana ba ce, baiwa ce, fim ɗin faɗa da soyayya ne kawai. In ka cire rashin iko ka cire komi. Wanda ya fi su hankali nesa shi ne wani ƙaramin fim na Kanada, Ginger Snaps na 2000, da ya ɗora abin kan yarinya mai shiga balaga, jiki na canzawa, jini, wata-wata, ƙanwarta na ta ƙoƙarin rufa mata asiri. Ba na kallo da yara ba ne, na faɗa.

Wani abokina malamin makaranta ya taɓa ce min, mu da ke kwana da tsoro na gaske, mi za mu yi da na saye? Na daɗe ban samu amsa ba, amma ina ganin amsar na cikin azurfar nan. Dodon fim na da doka. Ka san ranar shi, ka san maganin shi, ka narka cokalin azurfa ko sarƙar uwarka ka yi harsashi ɗaya, in ka saita daidai magana ta ƙare, gari ya waye, a rubuta sunayen 'yan wasa. Mu da munka saba jin wane ƙarfe ba ya cin shi sai an nemo kaza da kaza, wannan lissafin ba baƙo ba ne, ko da yake mu nan zinari munka sani, in ka ce a kawo azurfa a Anka ko Bukkuyum sai an sha yawo. Tsoron da ke waje ba ya da kalanda ba ya da harsashi ɗaya. To awa biyu ka zauna da tsoron da ke da iyaka, zuciya ta buga ta buga sannan ta sauka, wani irin hutu ne, kamar yadda yara ke roƙon a yi musu tatsuniyar Dodo alhali sun san za su kasa fita fitsari.

Abin da ke ba ni haushi kawai, kayan nan duk muna da su a ƙasa ba mai ɗauka. Masu fim ɗinmu in sun tashi yin na ban tsoro sai aljana da farar hoda da dariya mai amsa-kuwwa. Alhali ka tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi da magariba lokacin hunturu, hazo ya rufe rabin shi, ka tuna irin labaran iskoki da anka daɗe ana ba da wa a kanshi, ka gaya min wane gidan dutse na Ingila ya fi shi kwarjini. Ga kufai, ga tsofaffin ganuwa, ga kukoki, ga gardawa masu yawo da kura a kasuwa da takunkumi, ga kukan kurar kanshi da ya fi na kerkeci tada tsikar jiki don ya yi kama da dariyar mutum. Labarin ɗan sarkin pawa da ya dawo daga birni ya tarar da ɗakin kakanshi a kulle, wa zai ce ba zai kalla ba? Sai dai a yi shi da hankali, kar a je a ƙara ma masu zargin mutane ƙarfi.

Da safe na sami Inna tana tsince wake na ce, "Inna, wanga mai rikiɗa na garinku da kika ce, ya anka ƙare da shi?" Ta ce wani mutum ne mai saƙar tabarma a bakin gari, ba ya da yawan magana, wata shekara kura ta dami garin da ɗaukar awaki har ta ja wani yaro, sai anka ce an bi sawunta ya ɓace daidai bayan dangarshi. Ba a taɓa shi ba, amma daga ranar ba mai sayen tabarmarshi, ba mai zama kusa da shi a masallaci, ɗiyanshi mata biyu ba wanda ya nema. Kafin damina ya kwashe iyalinshi da dare, ba a sake jin labarinsu ba. Na ce to kurar fa, ta daina zuwa? Ta ɗan yi shiru ta ce ita dai ta san an ci gaba da kulle awaki. Na ce ke kin taɓa ganin ya rikiɗa? Ta ce, "Ni? A'a. Shi dai ke ba mu goriba in mun biyo ta ƙofar shi za mu ɗibar ruwa." Ta ja tiren wakenta ta ci gaba da tsinta.